Koyon saƙa a hannun malama ta gari

   

Kafin mu shiga hira, kowa ya ɗauki alli da allo. Ku rubuta wannan magana:

Ta saƙa hula, ta saka wa jariri.

Ku dubi kalma ta biyu da ta biyar. Saƙa da saka. Ɗan lanƙwasa guda ne ya raba su. Tun shekarar 1966, da aka yi taro a Bamako don daidaita rubutun Hausa da wasu harsunan ƙasashenmu, harafin ƙ yana cikin haruffan da muke koyarwa. In kun manta lanƙwasar, magana ta sauya. To, haka saƙa take. Abu kaɗan ke gyara ta, abu kaɗan ke ɓata ta. Hirarmu ta yau bisa saƙa ce, da irin malamar da ya kamata ki nema in kina son ki iya.

Mi ya sa muke maganar saƙa

Kun san ƙasarmu da zafi. A watan Afrilu da Mayu, ma'aunin zafi yana wuce digiri 40. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya buso, da asuba yakan sauka wajen digiri 15, wata rana ma ƙasa da haka. Babba ya ja bargo, ko ya matsa kusa da wuta. Jariri fa?

Likitoci sun ce zafin jikin jariri mai lafiya yana tsakanin digiri 36 da rabi zuwa 37 da rabi. In ya sauka ƙasa da 36 da rabi, sanyi ya kama shi. Jariri ba shi da kitse mai yawa, kuma kansa babba ne bisa ga jikinsa. Ta kan nan zafi mai yawa ke fita. Wanda aka haifa bai kai kilo 2 da rabi ba, da bakwaini, su suka fi shiga haɗari. Jaririn da sanyi ya kama yakan yi laushi, ya ƙi kama nono. In ba a farga ba, ana iya rasa shi.

Ƴar hula da ƴar safa suna cikin abubuwan da ke tsare shi. Kuma hannunki yana iya yin su.

Yadda na fara, na bari

Bari in ba ku labarin kaina. Na fito makarantar horon malamai, ina da takardar shaida, ina koyar da manya karatu. Sai na ɗauka saƙa ba za ta gagare ni ba. Na sayi zare baƙi siriri, don shi ya ba ni sha'awa. Na tafi wurin wata maƙwabciyata gwanar saƙa. Gwana ce ta gaske, tana saƙa tana hira, ba ta ko duban hannunta.

Ta zauna gabana, muna fuskantar juna. Ta ce: «Dubi, haka ake yi.» Hannunta ya yi fir fir fir, ban ga komi ba. Ta miƙo mini. Na gwada, na ɓata. Ta karɓe, ta gyara, ta miƙo. Na sake ɓatawa, ta sake karɓewa. Da yamma ta yi, an saƙa tsawon taƙi guda, amma ba ni na saƙa ba. A rana ta ukku ta yi dariya ta ce: «Ke dai hannunki na alli ne.» Ba da mugunta ta faɗa ba, amma na ji kunya ƙwarai. Na naɗe zaren na jefa cikin kwalla. Shekara biyu ban sake taɓa shi ba, ina ce wa mutane ni ba ni da hannun saƙa.

Na san cikinku akwai waɗanda suka taɓa cewa: ni ba ni da kan karatu. Ku saurara da kyau.

Malama ta biyu

Da ƙanwata ta samu ciki, aka lissafa haihuwa za ta faɗo cikin sanyi. Bayan kaka sai na yi niyyar sake gwadawa. Aka nuna mini wata tsohuwa a unguwarmu, kowa yana ce mata Inna. Ba ta taɓa shiga lakkol ba. Na tafi da zarena baƙi, ina jin nauyi.

Ta juya shi ta ce: «Ɗiyata, aje wannan sai kin ƙware. Mai koyo da fari yake farawa.» Ta ɗauko zare mai kauri, mai haske, da dogayen allurai biyu masu kauri. Ta ce a baƙin zare ido ba ya ganin kuskure, a siriri kuma aiki ba ya ci gaba, sai zuciya ta mutu.

Ba ta zauna gabana ba. Ta buga tabarma ta ce in zauna gefenta, kafaɗa da kafaɗa. Sai a lokacin na gane abin da ya ruɗe ni da farko. In malama tana fuskantarki, damarta tana wajen hagunki, komi a juye kike ganinsa. In kuna gefe guda, hannunta da naki hanya ɗaya suke bi.

Ta ce kowane ɗan madauki da ke bisa allura, sunansa ido. Ta ɗora mini ido 15 kaɗai. Sannan ta raba aikin gida huɗu, tana yi sannu sannu, tana faɗi da baki:

Shiga: allurar dama ta shiga cikin ido.
Naɗa: ki naɗa mata zare sau ɗaya.
Jawo: ki jawo zaren ta cikin idon.
Sauke: ki sauke tsohon idon daga allurar hagu.

Shiga, naɗa, jawo, sauke. Ta sa na faɗa da ƙarfi kamar yadda nake sa ɗalibaina su faɗi ba, bi, bu. Ranar farko layi 4 kawai na yi, karkatattu. Ta ɗaga su ta duba ta ce: «Madalla. Jiya ba ki da ko ɗaya.»

Na ja zare da ƙarfi har allura ta ƙi shiga. Kusan duk mai koyo haka yake yi, don tsoron kada ido ya kuɓuce. Inna ta taɓa kafaɗata ta ce: «Saki jikinki. Riƙe shi kamar yadda kike riƙon ɗan tsako.» Kuma duk zaman da muka yi, ko sau ɗaya ba ta karɓe allura daga hannuna ba. In na ɓata, sai ta ɗauki nata ta nuna, ni kuma in gyara nawa.

Saƙa ma karanta ta ake yi

Bayan mako guda ta koya mini ido na biyu. Na farko, allura tana shiga, zare yana bayan aiki. Shi muke kira na gaba. Na biyu, a dawo da zare gaban aiki kafin a naɗa. Shi muke kira na baya. Duk rigunan sanyi da kuke gani, da huluna, da safa, daga waɗannan biyu aka gina su.

Sai ta ce in aje allura in duba. Ido na gaba yana kama da rabin harafin w. Ido na baya ɗan ƙulli ne a kwance kamar ƙwayar gero. In kin juya aikin, za ki ga na gaba ya zama na baya, na baya ya zama na gaba. Ta riƙa nuna mini da farce tana tambaya: «Wannan fa? Wannan fa?» har na daina kuskure.

Wannan ya yi mini amfani ƙwarai. In yaro ya yi kuka, ko tukunya ta tafasa, kin aje aiki kin tashi, to in kin dawo ba sai kin nemi kowa ba. Aikin da kansa zai gaya miki inda kika tsaya.

Ranar da ta sa ni ɓarna da gangan

Wata rana na yi layi wajen 20 masu kyau, ina jin daɗi. Sai Inna ta ce: «Zame ido guda daga allura, ki ja.» Na ce: «Haba Inna, aikin kwana ukku!» Ta ce: «Ja dai.» Na ja. Idon ya gangara ƙasa, ya bar zare a gicciye kamar matakan tsani. Gabana ya faɗi.

Ta miƙo mini kwarashi, wato ƴar allurar nan mai ƙugiya a baki. Ta ce in kama idon da ya gangara, in jawo matakin farko ta cikinsa, sannan na biyu, sannan na ukku, har in kai sama in maida shi bisa allura. Na yi. Ko tabo bai bari ba. Ta sa na maimaita sau biyar.

Ta ce: «Wata rana zai kuɓuce miki da dare, ni kuwa ina barci a gidana. Gara ya kuɓuce yau ina kusa.»

Tun ranar tsoro ya fita daga hannuna. Zare ba kamar yadi ba ne da in an yanke shi ke nan. In aiki ya ɓaci, a warware a sake, zaren yana nan.

Lissafin hular jariri

Yanzu ku buɗe kaye, ku ɗauki abin rubutu. Nan ne karatunku zai yi muku rana.

Da farko ki yi gwaji. Ki saƙa ɗan ƙyalle kamar faɗin tafin hannu da zaren da za ki yi aiki da shi. Ki shimfiɗa shi, ki ɗora metir irin na tela, ki ƙirga ido nawa ne cikin santimetir 10. Kada ki tsallake wannan. Hannun kowa daban ne, zare ma iri iri ne. A ce kin samu ido 20. Ke nan ido 2 cikin kowane santimetir.

Na biyu, ki auna kan jariri ta goshi da ƙeya. Jaririn da ya cika watanninsa, kansa yakan kai wajen santimetir 34. Saƙa tana miƙewa, saboda haka a rage 2, saura 32.

Na ukku, ki yi lissafi: 32 sau 2, ya zama 64. Ki ɗora ido 64.

Na huɗu, bakin hula. Ido 2 na gaba, ido 2 na baya, har ƙarshen layi. Ki yi haka tsawon santimetir 3. Wannan baki yana miƙewa yana komawa, shi ke riƙe hula bisa kai.

Na biyar, layi guda na gaba, layi guda na baya, har duka aikin ya kai santimetir 10.

Na shidda, ragi. Ki saƙa ido 6, ki haɗa 2 su zama ɗaya, ki maimaita har ƙarshe. Ido 8 sun tafi, saura 56. Ki dawo da layi na baya ba ragi. Sannan ki saƙa 5 ki haɗa 2, saura 48. Haka za ki bi: 40, 32, 24, 16, 8.

Na bakwai, ki yanke zare ki bar shi da tsawo. Ki zura shi cikin ido 8 da suka rage, ki tsuke, ki ɗinke gefen da allurar ɗinki mai babban kafa. Hula ta samu. Dunƙulen zare na giram 50 ya ishe ta har da saura.

Haihuwar da ta zo ba shiri

Ƙanwata ba ta cika wata tara ba. Ta haihu cikin Janairu, ɗiya macce ƴar mitsitsiya, ba ta kai kilo 2 da rabi ba. Ungozoma ta gidan likita ta ce kada a yi mata wanka sai ta kwana ta wuni. Ta ce a ɗora ta bisa ƙirjin uwar, fata da fata, a ɗaure da zane, a sa mata hula, a riƙa ba ta nono a kai a kai. Wannan dabara ta goyon ƙirji a ƙasar Kolombiya likitoci suka fara ta a shekarar 1978, kuma hukumar lafiya ta duniya tana horo da ita.

Hular da na saƙa mai ido 64 ta yi mata yawa, tana zamowa har hanci. Waɗanda aka samu a kasuwa ma haka. Dare ya yi, Inna tana gidanta. Na auna kan jaririyar, santimetir 30. Na rage 2, saura 28. Na rubuta 28 sau 2, ya ba ni 56. Na ɗora ido 56, na zauna gaban fitila. Sau biyu ido yana kuɓuce mini don gyangyaɗi, sau biyu ina kamo shi da kwarashi. Washegari da la'asar hula tana kanta, daidai wa daida.

Da ikon Allah, da ɗumin uwarta da nononta, yarinya ta rayu. Yau tana gudu cikin gida. Hular tana nan cikin akwatin uwarta, an ara wa jarirai biyu bayanta.

Malama ta koma ɗaliba

Inna da tsakuwa take ƙirga layi. Kowane layi, ta jefa tsakuwa guda cikin ƙoƙo. Wata rana jikanta ya kifar da ƙoƙon, ta saƙa riga hannu guda ya fi guda tsawo. Da ta ga kaye nawa, ta ga yadda na sauya 64 zuwa 56 ba tare da ita ba, sai ta yi shiru. Can ta ce: «Ɗiyata, tsohuwa kamata tana iya wannan?» Na ce: «Inna, gemu ba ya hana ilimi, furfura ma haka.»

Ta shigo ajinmu. Wata rana na ce ta rubuta 64 bisa babban allo, sai ta rubuta 46. Ina sauri, lokaci yana tafiya. Na kai hannu zan karɓi allin in gyara. Ta damƙe shi, ta dube ni, ta ce: «Malama, ni na taɓa karɓe miki allura?»

Aji ya yi tsit. Na janye hannuna. Na tuna shekara da shekaru ina karɓe alli daga hannun ɗalibai, ina ce taimako nake yi. Na tuna waɗanda suka zo mako biyu suka daina zuwa, na ce ƙyuya ce. Na ɗauki wani alli, na tsaya gefenta, na rubuta nawa sannu sannu. Ta goge nata da bakin zane, ta rubuta 64 da hannunta. Yanzu tana da kaye da ta rubuta awon hula da safa da riga. Ta ce ko bayan ranta, jikokinta za su samu.

Yadda za ki gane malama ta gari

Ƴan'uwa mata, in za ku nemi mai koya muku, a gidan horon mata ne ko a cikin unguwa, kada ku tsaya ga wadda ta fi sauri. Ku dubi waɗanda suka koya a hannunta. Sun iya su kaɗai, ko kullum sai sun koma a gyara musu? Ki je sau ɗaya ki gwada. Ta zauna gefenki? Ta rage sauri dominki? Ta bar allura a hannunki? Kin yi tambaya sau ukku ba ta tsuke fuska ba? In haka ne, ki riƙe ta, ki girmama ta, ki kai mata ɗan goro ko abin da ya sawwaƙa.

Ke ma da naki aiki. Ki taɓa saƙa kullum, ko da layi 5 ne bayan kin gama aikin gida. Ki fara da ƙaramin abu, kada ki fara da rigar maigida. Abin da ba ki gane ba, ki tambaya, matambayi ba ya ɓata. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku kuma maza, kada ku ce wannan hirar mata ce. Akwai maza masaƙa, akwai kuma maza masu ɗinkin riga da hula. Wanda ya so, ya koya. Wanda bai so ba, ya bar iyalinsa su tafi koyo, ya taimaka da kuɗɗin zare.

Jan kunne kaɗan. Kada ki sa wa hular jariri doguwar igiya da za ta naɗe mishi wuya. Kada ki liƙa mata maɓalli ko duwatsun ado, yana iya haɗiye su. Hula ta zauna daidai, kada ta rufe mishi hanci. In rana ta yi zafi, ki cire. Ki wanke ta da ruwa mai sanyi, ki shanya a shimfiɗe don kada ta saki. In kin taɓa ciki da ƙafafun jariri kin ji sanyi, kuma ya ƙi nono, ki manna shi a ƙirjinki ku tafi gidan likita nan take.

Aikin wannan mako

Ku tattauna waɗannan tare da malaminku:

1. Mi ya sa sanyi ya fi kama jariri bisa ga babba?
2. Kan yaro santimetir 42 ne. An rage 2. Gwaji ya ba da ido 2 cikin santimetir guda. Ido nawa za a ɗora?
3. A ce kin sayi dunƙule 3, kowane dala 100. Kin saƙa hula 5, kin sayar da kowace dala 120. Ribarki dala nawa ce?
4. Wa ya taɓa koya muku wata sana'a da haƙuri? Ku rubuta layi ukku bisa yadda ya yi.

Ku aiko da amsoshinku ta hannun malamin cibiyarku. Nan za mu dakata. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.